Inda Wuta Ba Ta Taɓa Ba

A gidan wanka na wata unguwa a birnin Osaka, tururi ya lulluɓe fitilu har mata suka koma kamar inuwoyi. Fusae na zaune a kan 'yar kujera, idanunta a lumshe, wata tsohuwa da ba ta sani ba tana cuɗa mata baya da soso.

"'Yar nan, ashe ke ma wutar jiragen yaƙi ta same ki," in ji tsohuwar, tana duban tabon ƙunar da ke jikinta.

"Haka aka ce, Iya. Shekarata shida a lokacin, amma ban tuna komai ba."

"Ke, raba ni! Ana manta wuta? Ni har gobe ƙaurin yana hancina."

"Da gaske nake. Abin da ya rage mini wani mafarki ne, mai daɗi ma kuwa. Ina gudu cikin jan haske, wani abu mai ɗumi yana numfashi a ƙeyata."

Soson ya tsaya cak.

"Jaririn fa, ya rayu?"

"Wane jariri? Ni kaɗai iyayena suka haifa."

"To, kafaɗunki sun ƙone, damatsanki sun ƙone, amma nan tsakiya fata lafiya lau." Yatsan tsohuwar ya zagaya bayanta a hankali. "Ga gurbin kai, ga na 'yan hannuwa. Wa kika goya?"

Fusae ta buɗe baki za ta ce babu kowa. Sai ta ji hannayenta sun riga sun koma baya, sun tallafi iska, tana jijjigawa a hankali.