Gwiwar da Aka Bar wa Yayana

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ni malami ne a Talata Mafara, ban cika rubuto wasiƙa ba. Yayana tsohon soja ne da ke noma a Bakura. Ciwon suga ya rage gudun jini a ƙafarsa, kullum tana sanyi, mu kuma muka riƙa ɗumama masa ita a garwashi. Ta ƙone bai ji ba, har aka ce sai an yanke.

Ya ce wa likitar fiɗa, "'Yata, cire abin da ya mutu, amma ki bar mani gwiwa. Da ita nake sujada."

Ba ta yi masa alkawari ba. Sai da ta auna inda jini yake kaiwa, ta bayyana mana abin da binciken likitoci ya koya mata game da yankewa ƙasa da gwiwa, sannan ta rufe dungulmin da naman sha-raɓa, inda jini ya fi gudana.

Juma'ar da ta wuce ya yi sujada a sahu, gwiwoyinsa biyu a ƙasa. Ina gaishe ta da girmamawa. Masu sauraro, ƙafa mai sanyi asibiti ake kai ta, ba bakin wuta ba.