Kada a Goge Kwamfutar Mai Kunne

Shugaban hukumar wannan cibiya, Malam Darakta, shugabannin sassa, abokan aiki, Hajiya uwargidan marigayi, 'ya'yansa da ƙannensa, ina yi muku sallama. An roƙe ni in taƙaita. Na san dalilin roƙon.

Shekara ashirin da biyu muna kiran mutumin nan Mai Kunne. Ya kasance in ya tsaya tsakiyar zauren nan ya rufe ido, zai nuna maka lasifikar da ta kusa mutuwa. Ya kasance shi kaɗai ya san cikin kwamfutar ɗakin sauti. Katin sauti uku ya sa mata: na lasifikun gaba, na gefe da baya, da na naɗar jawabi. Katunan nan in an kashe na'ura an kunna sukan yi musayar gurbi, na gaba ya koma baya. Sai ya rubuta wani ɗan fayil da ya ɗaure kowanne a lambarsa. Na taɓa tsokanarsa, "Kai da injin nan, yaushe za a ɗaura aure?" Ya ce, "Yaya, ita dai ba ta taɓa kai ƙarata ofis ba."

Dukkanmu muna nan ranar yaye ɗalibai. Babban baƙo yana magana a gaba, muryarsa tana fitowa daga can baya, daf da ƙofar banɗaki. Jama'a suka waiwaya, aka fashe da dariya. Kwana biyu sai ga takarda: sakaci. Aka sallame shi. Ban ce takarda ce ta kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma wata takwas ya yi bai iya bin titin nan ba don kunya.

Ga abin da ba a so in faɗa. Saura mako guda a yi taron yayen aka tura shi kwas ɗin da bai nema ba. Yana can wasu 'yan kwangila suka shigo ɗakin sauti, wai sabunta manhaja. Daga shigarsu ɗan fayil ɗin nan ya ɓace. Wa ya kira su? Wa ya ba su makulli? Sau biyu ina tambaya a rubuce, amsar da na samu ita ce, "Baba, ka bar zancen nan, ka kusa ritaya." A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, fayil ba ya share kansa. Na'ura tana rubuta ranar da aka taɓa ta."

Kwamfutar tana kulle a sito tun lokacin, ba wanda ya tuna da ita. Makon jiya babbar 'yarsa, wadda ta karanci wannan fanni, ta rubuto tana neman a nuna mata. Jiya mai kula da sito ya gaya mini an ba da umarni a goge ta tas ranar Litinin. Ikon Allah! Wannan irin sauri, ban taɓa ganinsa a cibiyar nan ba.

Hajiya, lambar yabon da za a miƙa miki anjima, ki ce a ajiye tukuna. 'Yata, kada ki bar harabar nan yau. Ranka ya daɗe Shugaba, makullin siton yana aljihun wani a sahun gaba. A kunna na'urar a gaban iyalinsa, a karanta ranar da aka share fayil ɗin. In ta nuna hannunsa ne, zan dawo nan in nemi gafarar kowa. In ba shi ba ne, a janye takardar nan da sa hannun wanda ya rubuta ta.

Mun gode wa duk wanda ya zo don Allah. Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu, Ya haskaka kabarinsa, Ya wanke sunansa a gaban 'ya'yansa tun muna da rai. Amin.