Babur ɗin da Aka Bari Ya Huta

A tashar Gwarzo wani manomi da 'yarsa sun zauna gefen babur ɗinsu na lantarki, caji ya ƙare. Wani dattijo mai jiran mota ya dube su.

"Malam, daga nesa kuke?"

"Daga Mainika, Baba. Bara babur ɗin nan yakan kawo yarinyar nan makaranta ya mayar da ni gida."

"Me ya sami batirin?"

"Duk damina na jingine shi ba caji, na ce ya huta kamar san noma. Yanzu ya daina riƙe caji."

"Ai sa ko yana hutu ana ba shi harawa. Sa masa sabon batir."

"Da me? San nomana na sayar na sayi babur ɗin."

"To sayar da babur ɗin."

"Wa zai saya? Da sa ne, ko ya tsufa mahauci na so."

Yarinyar ta gane cewa daga gobe a ƙafa za ta riƙa zuwa makaranta.