Alkunyar Cikin Fari

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Daga wani ƙauye kusa da Baure nake rubutowa, kuma don Allah a sakaya sunana.

Bara, da cikina na fari ya shiga wata tara, malamar awo ta ce yaron a zaune yake, kansa yana sama. Ta ce in je Daura ranar Alhamis, likita ya juya shi da hannu tun kafin naƙuda.

Da na koma gida, uwar mijina ta tambaye ni, "Me suka ce?" Kun san alkunyar cikin fari. Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau, Inna." Alhamis ta zo ta wuce ina daka gero.

Ranar haihuwa yaro ya sako ƙafa, sai da aka yi mini aiki. Alhamdulillahi, mun rayu.

Da muka kai shi rigakafi, Inna ta zazzage malamar nan a gaban mata, wai ta ɓoye mana. Baiwar Allah ta dube ni kawai, ba ta tona mini asiri ba.

Malam, har yau Inna tana yabon kunyata, tana tsine wa matar. Da wane baki zan faɗa mata gaskiya?