Auren Funfuna a Gonar Rifkatu

A Sabon Tasha, kafin mota ta cika, Rifkatu ta nuna wa wani matashin malamin gona da ke kusa da ita ruɓaɓɓiyar cittarta.

Ya ce, "Mama, cutar funfuna ce. Iri biyu gare ta, kamar mace da namiji. In suka haɗu, sukan haifi 'ya'yan da suka fi ƙarfin magani. Kin gauraya irin shuka?"

"Na haɗa nawa da na ƙanwata ta Kafanchan."

"To, wataƙila ke kika ɗaura musu aure."

Rifkatu ta tafa hannu. "Wayyo Yesu! Shekara biyar ina azumi 'yata Judith ta samu miji, ashe cuta na aurar!"

Sai ta ƙare masa kallo har takalmi.

"Malam, aikin gwamnati kake yi, ko? Kana da iyali?"