Waƙar Saniya Ta Ƙwace Mini Ɗiya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga Tambuwal. Na saurari waƙoƙin renon da kuka sa mana na Larabawa da Indiyawa, kuka ce kowace tana kwantar da jariri. Ban ƙaryata ku ba, amma ku ji abin da ke ci mini rai.

Ina da waƙar reno da na gada wajen kakata, ita ma ta ji ta wajen tata kakar tun kafin Nasara su ci Sakkwato. Duk addu'a ce da tarbiyya, kuma da ita na reni manyan ɗiyana. Amma autata Safiya, ina farawa sai ta banƙare ta ƙara tsala ihu.

Rannan maƙwabciyarmu Inna Jumma, Bafillatar da ta taso daga Kebbe, ta karɓe ta, ta rera mata wani abu da Fillanci. Nan take yarinya ta yi luf a kafaɗarta, ni ina tsaye kamar baƙuwa.

Na daure na tambayi ma'anar waƙar. Ta yi dariya ta ce, "Uwar Safiya, ai ba ta yara ba ce. Da ita nika lallashin saniya in za ni tatsa."

Waƙar saniya, Malam! Yanzu Safiya ko sallamar matar ta ji, sai ta saki nono ta miƙa hannu. Wannan tarbiyya ce? Masu sauraro, ku ba ni shawara. In hana Inna Jumma shigowa gidana, ko ni da na haifi ɗiyar in sauke kai in je ta koya mini?