Manhajar da Ta Iya Jira

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan taro, Alhaji Ɗanmaliki, malamanmu masu daraja, iyayenmu mata da suka taso tun daga Dudunni da Tafashiya, jama'ar Kankiya da Kusada baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce Na'ima, ɗiyar Malam Ma'aruf na Ƙofa. Ina godiya da kuka bar gonaki da shaguna kuka zo, alhali ko lemo ba mu yi alkawari ba.

Tambayar da na fi sha ita ce: manhajojin kallon bidiyo sun cika duniya, ke me ya kai ki ƙirƙiro wata ta kwamfutar tebur? Jama'a, muryar mahaifina ce ta kai ni.

Kun san yadda Malam ke koyarwa. Ya biya aya, ya yi shiru, ɗalibai su maimaita, sannan ya wuce. Da ciwon maƙogwaro ya fara cin muryarsa, yayana Bishir ya ɗauke shi bidiyo yana karatu. Bishir, Allah ya shirye shi, don gwaninta sai ya yanke duk wuraren shirun, wai ɓata wuri suke yi! Muka kunna wa ɗalibai, karatu na zuba kamar famfo ya ɓalle, ba mai samun gurbin buɗe baki. A ce a tsayar, maɓallan manhajar kallon da Turanci, Inno Halimatu mai kula da ajin ta danna wannan, abu ya koma farko. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Malam kuwa, da 'yar muryar da ta rage mashi, ya ce, "Na'ima, kashe. Wannan ba ni ba ne, ni ina jiran yara."

Wallahi maganar ta sosa mini rai, kuma ita ce tushen aikin nan.

Abu na farko, manhajar tana tsayawa da kanta a inda malami ya sa alama, ta jira har a maimaita. Na biyu, maɓallanta da Hausa ne, manya-manya, Inno ma ta daina neman tabarau. Manhajar ba ta buƙatar intanet, ba ta tallar komai, kuma tsohuwar kwamfutar makarantarmu mai gurnani tana ɗaukarta lafiya lau.

Ranar gwaji, muryar Malam ta biya aya, sai shiru. Ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Na waiga, Malam na zaune bakin ƙofa yana gyaɗa kai, leɓɓansa na bin yaran. Ya yafito ni, ya raɗa mini: "Yanzu kam ni ne."

Ga shi can a sahun gaba, shi zai danna muku maɓallin farko. In manhajar ta tsaya, jama'a, ku ake jira.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya albarkaci zuri'armu da daminarmu, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.